Dakalin da Mata Suka Daɓe

Rabi ce ta kawo mini labarin, don ita magana ba ta kwana a cikinta. Ta ce kun yi shawara ta salula, ita da yayanku na Yamai da auta Mutari, kun yanke cewa bayan Sallah za a kawo magini ya fasa dakalin da ke ƙuryar gida, a zuba siminti, a shimfiɗa karo, wato tayil, mai sheƙi irin na biron ma'aikatan gwamnati. Za a kuma sa wa zaure ƙofar ƙarfe, don tsofaffin nan da ke shigowa kullum su gane cewa mai gidan ya rasu. Wai don in samu in sha iska a gidana. Na gode, Allah ya yi muku albarka. Amma kafin a ɗaga guduma, ku zauna ku karanta wannan. Na san abin da kuke faɗa a kaina shekara da shekaru, ko da ba a gabana kuke faɗa ba: Inna ta ƙi magini don taurin kai har ta nakasa hannunta, Inna ta gaji da jinya ta sallama Baba ga abokansa ta shige ɗaki. Ban taɓa musa muku ba. Da farko alkawari ne ya ɗaure mini baki, daga baya kuma gajiya ce, don gyaran magana ma aiki ne, ni kuwa aiki ya ishe ni. Yanzu da zancen ya kai ga guduma, dole in yi.

Babanku baduku ne, kun sani, amma ba ku san yadda ya ɗauki kansa ba. Tunda aka kawo ni gidan nan na unguwar Birni daga Mirriya, ban taɓa ganin hantsi ya same shi a cikin gida ba. Wurinsa dakalin ƙofar gida, fata a cinya, basilla a hannu, abokansa kewaye da shi ana gardama a kan abin da bai shafi kowa ba. Shi ne mai babbar murya, shi ne mai gyara wa kowa zance. A wannan dakalin hawan jini ya kayar da shi, bayan kaka, yana tsakiyar ɗinkin kube. An gaya muku ya faɗi, an kai shi likita, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Abin da ba a gaya muku ba shi ne, da ya faɗi fitsari ya kufce masa a gaban mutanen nan duka, idonsa biyu, yana ji yana gani. Malam Lawali, amininsa tun suna yara, shi ya tuɓe babbar rigarsa ya rufe shi. Babanku bai manta ba, kuma bai yafe wa kansa ba, sai ka ce shi ya kira ciwon.

Da muka dawo daga likita ya shiga ɗaki ya juya wa duniya baya. Abokansa su zo zaure su yi sallama, in leƙa in ce barci yake. Na yi wannan ƙaryar har ta daina yi mini nauyi a baki. Su ma sun san ƙarya ce, su ce Allah ya ƙara sauƙi su koma. Sanyi ya wuce, bazara ta shigo, ɗakin nan mai rufin kwano ya zama tanda, kuran kuwa, wato lantarki, in ya zo da safe ba ya kai azahar. Ni ke juya shi, ni ke wanke shi, ni ke ba shi kunu da cokali yana kawar da kai. Mutum ne mai jiki, in na tayar da shi sau ɗaya sai na dafa bango na huta. Bayansa ya fara saɓulewa. Wata 'yar maƙwabta da ke aikin likita ta duba ta ce mini ƙarara, in bai riƙa tashi zaune yana shan iska ba, gyambon nan shi zai kashe shi kafin hawan jinin. Na ce masa in shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Amma ni ma na san in ya zauna ƙasa ba mai tayar da shi sai an kira maza. Na ce to a fitar da gado ƙarƙashin dogon yaro. Nan ya buɗe baki, da harshen nan da ya karkace.

"Ni ba gero ba ne da za ki shanya."

Haushi ya kama ni, ba zan ɓoye muku ba. Na fita na zauna bakin murhu ina ta huci, ina ce wa kaina wanda ake wa wahala shi ke da bakin gatse. A nan zaune idona ya faɗa kan dutsen ƙuryar gida, wannan ƙaton da kakanninku suka gaji da shi suka ja katanga ta kewaye shi. Inuwar dogon yaro tana faɗawa jikinsa tun hantsi har la'asar. Sai na gane abin da mutumin nan yake nufi. Gado na mara lafiya ne, tabarmar tsakar gida ta mata ce da yara, namiji kuwa a dakali yake zama. Na ƙofar gida ya haramta wa kansa. To in akwai wani a ciki, mai tsayin gwiwa, yadda zai dafa sanda ya zauna ya kuma tashi, ga dutse ya jingina, wataƙila ya fito.

Da yayanku ya kira na gaya masa. Ya ji daɗi, Allah ya sani, ya ce gobe-goben nan zai sa a turo magini da leburori da siminti, kwana kaɗan an gama. A bakin ƙofar ɗaki nake maganar, babanku yana ji. Ina ajiye salula ya buga sandarsa a ƙarfen gado.

"Barira. Namiji ba zai shigo gidan nan ba."

"Malam, magini ne. Ba ruwansa da ɗakinka, sai in saki labule."

"Zai ji wari. Zai ga kina fita da fo. Gobe duk Birni ta ji."

Na ce to bari in gaya wa yaron dalili, don kada ya ga kamar an raina alherinsa. Sai mutumin nan, wanda ban ga hawayensa ba ko ranar da aka binne mahaifiyarsa, ya kama gefen zanena da hannun hagu yana kuka, rabin fuskarsa na motsi rabi na tsaye.

"Kada 'ya'yana su san ina jin kunyar mutane. Muddin ina numfashi. Ki rantse."

Na rantse. Washegari na kira yayanku na ce na fasa, ba na son siminti, zafi yake riƙewa. Sai ya ce, a hankali yadda ya saba in ransa ya ɓaci:

"Inna, don Allah ki bar ra'ayin mutanen dā. Lafiyar Baba ake magana."

Na ce na ji, amma na fasa. Daga ranar na zama mai taurin kai a bakinku, kuma na karɓi sunan, tunda wani ya fi ni bukatar a rufa masa asiri.

In namiji ba zai shigo ba, saura aikin mata, aikin mata kuwa a gini ɗaya ne: daɓe. Ku ba ku tarar da shi ba. A Mirriya muna 'yan mata, in za a kai amarya, maza su yi bango su yi rufi su fita, ƙasan ɗaki kuma na mata ne. A zuba jar ƙasa da tsakuwa, a yayyafa ruwa, mata su jeru a durƙushe kowace da madaɓinta, wato guntun icce mai faɗin ciki da mariƙi, a yi ta duka ana waƙa har ƙasa ta haɗe ta yi tauri. A ƙarshe a shafe da ruwan bagaruwa, ta yi duhu ta yi santsi, ruwa ba ya cin ta. Rabona da riƙe madaɓi tun kafin in haifi yayanku, amma na ce abin da hannu ya taɓa yi ba ya mantawa. Ashe yana mantawa.

Mai amalanken jaki ya juye mini ƙasa da tsakuwa a ƙofar gida, don iyakarsa ke nan. Ni na riƙa kwasa da tasa a ka, in ratsa zaure in ratsa tsakar gida in juye jikin dutse, kafin rana ta yi zafi da kuma bayan la'asar, tsakanin wankin babanku da girki. Na jera duwatsu na yi masa baki, na cika cikin da ƙasa har tsayin gwiwa a tashi ɗaya, na zuba ruwa, na bi da taɓarya ina kirɓawa. Kwana biyu ya tsage ko'ina, na taka gefe ƙafata ta nutse. A haka Ya Fanna ta same ni. Ita taubashiyar babanku ce, uwarta da ubansa ciki ɗaya, saboda haka tun suna yara ba a shiga tsakaninsu, abin da ta ga dama take gaya masa. Tsohuwa ce siririya mai tsagar Barebari, bakinta ya fi jikinta ƙarfi. Ta zagaya aikin nawa tana riƙe da haɓa.

"Barira, wannan dakali ne ko tuwo kika tuƙa wa aljannun dutse? Wa ya ce miki ana cika shi gaba ɗaya? Kaɗan-kaɗan ake zubawa, a daka, a ƙara. Kwashe."

Na zauna a kan tulin ƙasar na yi kuka, na gajiya ba na baƙin ciki ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, gayya za a kira. Madaɓi ma babu shi a garin nan, mun tambaya har Kasuwar Dole ana yi mana kallon waɗanda suka taso daga kabari. Sai da ta hau mota ranar kasuwar Mirriya, ta bi gidajen dangi, ta dawo da guda biyar a buhu, biyu gara ta fara ci.

Na bi gida-gida ina gayyata. A dā in aka ce daɓe sai an mayar da wasu. Wannan karon waɗanda na taɓa durƙusawa tare da su, wata ta rasu, wata ido ya tafi, wata tana wurin ɗanta a Kano. Matan yanzu kuwa suka yi ta dariya, wata ta ce in an fara a kira ta ta ɗauka a salula. Tsofaffi huɗu suka zo har da Ya Fanna, duk sun girme ni, ni ce yarinyar cikinsu da furfurata. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, ba wadda ta tambaye ni me ya hana a kira magini. Sun kalli labulen ɗakin, sun kalle ni, suka ɗaura ɗamara.

Daɓe ruwa yake ci, Damagaram kuwa kun san ta da ruwa a bazara. Famfon unguwa ya yi kwanaki ba ya ko tari. 'Yan ga-ruwa su sauke bido, wato jarkar ruwa, a zaure su juya, ni ke ɗaukowa zuwa ƙurya, don ba zan sa wadda ta girme ni ɗaukar ruwa ba. A rana ta biyu na sunkuya na fizgi bido, na ji wani abu ya ce ƙas a kafaɗata ta hagu, zafi ya tafi har cikin kunne. Na tsaya na ga duhu. Da na bari a lokacin na je an duba, wataƙila da yau ina iya ɗaura ɗankwalina da kaina. To amma ga tsofaffi huɗu durƙushe a rana saboda ni, ƙasa kuma ta jiƙa, in aka bar ta ta bushe a rabi aikin ya lalace, ba ni da fuskar sake kiran gayya. Na ɗaure kafaɗar da tsohon zane na koma layi. Kowane duka ɗaya sai na ji shi a haƙorana.

Ya Fanna ce ke ba da waƙa muna amsawa. Tsofaffin waƙoƙin duk sun zube mana, sai ta riƙa ƙaga nata, tana juya baki wajen labule don mai ɗakin ya ji da kyau:

"Baduku ya shige ɗaka ya yi lum,
Amarya ce, ku kawo lalle.
Mata na gini, maza na kwance,
Wa zai saya mini gemu a kasuwa?"

Muna amsawa muna dariya, ni ina yi kunnena na wajen labule. Ko tari bai yi ba. A raina na ce shi ke nan, na karya kafaɗa a banza, mutumin da taubashiyarsa ta kira shi amarya bai tanka ba ya riga ya tafi, gangar jiki ce ta rage.

Ranar shafe, na jiƙa bagaruwa a tsohuwar tukunya tun safe, na ɗauko zan fara yayyafawa. Warinta ya cika gidan, warin da ya yi rayuwarsa a ciki, don da ita ake jeme fatar da yake ɗinkawa. Sai muka ji sanda tana bugun ƙarfen gado.

"Barira. Ba ta jiƙu ba."

Muka juya wajen labule, madaɓai a sama.

"Daga nan nake jin ta, ɗanya ce. Ki daka ta tukuna. Ki jefa tsohon ƙarfe a ciki ta kwana. In kika shafa wannan, ruwan farko zai wanke."

Wata da watanni mutumin nan bai faɗi abin da ya wuce "a'a" da "bari" ba sai in ransa ya ɓaci, yau ga shi yana gyara wa mutane aiki. Ya Fanna ta ajiye madaɓi ta tafa hannu.

"La ilaha illallahu! Ashe gawar tana magana. To fito ka nuna mana, gwani."

"Ke dai tun kina yarinya ba ki iya komai ba sai baki," in ji shi.

Na juya na shiga madafi kamar zan ɗauko turmi, don kada su ga fuskata.

Bai fito ranar ba, bai fito washegari ba. Sai da matan suka watse, dakalin ya sha shafe ya bushe ya yi baƙi-baƙi. Wata safiya ina share tsakar gida ya ce in kawo masa riga, ba ta kwanciya ba, ta fita. Na sa masa, na sa masa hula. Ya dafa sanda da hagu, ya jibga mini nauyinsa a kafaɗar nan da ta lalace, don ta wannan gefen yake bukatar tallafi, ban gaya masa tana ciwo ba. Tazarar da yaro zai tsallake da gudu ɗaya muka yi ta ja kamar masu zuwa Agadas. Ya zauna, ya jingina da dutse, ya rufe ido saboda haske. Can ya shafa daɓen da tafin hannu, a hankali, yadda yake shafa fata kafin ya saya.

"Ya yi," in ji shi.

Iyakar yabon da na samu ke nan, kuma ya ishe ni. 'Yan makonnin da suka biyo baya su ne mafi daɗi a aurena, ina faɗa ba kunya tunda na tsufa. Da safe in fito da shi, in kawo kunu mu sha tare a kan dakalin, abin da ba mu taɓa yi ba tun ina amarya. Ina haɗa turaren wutana a gefensa, yana ce mini na cika sukari. Gyambon ya fara bushewa. Kun san sana'ata ke nan tun kuna yara, turaren wuta da humra, matan aure su shigo har tsakar gida su zauna su shinshina su zaɓa, a yi hira a ji labarin gari. Su bai ƙi su gan shi ba, har yana tsokanar wasu.

Rannan da hantsi muka ji sallamar Malam Lawali daga zaure, don bai taɓa fasa zuwa ba ko sau ɗaya. Na miƙe zan je in yi ƙaryata ta kullum. Babanku ya ce:

"Har yanzu yana zuwa?"

"Kullum."

Ya daɗe yana kallon hannunsa da ya mutu a cinya.

"Ce masa ya shigo."

Da gudu na tafi, ni da ban yi gudu ba shekara da shekaru. Ban tsaya na yi tunanin komai ba, murna ta rufe mini ido. Malam Lawali ya tuɓe takalmi a zaure ya shigo kansa a sunkuye, don bai taɓa wuce zauren gidan nan ba duk amincinsu. Na ja mayafi na shige ɗaki na ba su wuri. Can na ji Malam Lawali yana cewa an ƙara wa fata kuɗi, babanku yana cewa ƙarya ne, shi dai bai iya ciniki ba.

Washegari Malam Lawali ya zo da mutum biyu. Kafin damina ta sauka, majalisar ƙofar gida gaba ɗaya ta tashi ta dawo ƙuryar gidana, da butar shayinsu da rediyonsu da gardamarsu, tun hantsi har kiran magariba. Tsugune ba ta ƙare ba. Tsakar gidan nan kun san ta, tafin hannu ce, hanyar madafi da ta bayi duk ta gaban dakalin suka bi. Na koma yin girki tun da asuba. In ina son kewayawa sai in jira azahar su tafi masallaci. A zafin da mace ke zama da ɗaurin ƙirji a gidanta, ni ina cikin mayafi a ɗaki, ɗakin nan dai da ya bari, da warin jinyar da bai gama fita ba. Masu sayen turare su zo zaure su ga takalman maza jere, su juya. Wace matar aure ce za ta ratsa majalisa ta zo zaɓen humra? Ɗaya bayan ɗaya suka koma wurin wata a Zango, ban ga laifinsu ba. Ya Fanna kaɗai ke ratsa su tana zaginsu ɗaya-ɗaya, ita ma shekara ba ta zagayo ba ƙafa ta kayar da ita, daga nan ba ta tashi ba.

Kada ku ce ban ji ciwo ba. Na ji, har na tsani ƙarar butar shayin nan. Na fito da mutum daga ɗaki da kafaɗata, ni kuma na shiga, ba wanda ya ce in shiga, ba kuma wanda ya lura na shiga. Wani yammaci na shirya maganata tsaf, zan ce masa tunda ya saba da idon mutane su koma ƙofar gida, in samu gidana. Na san kuma abin da zan tarar: ƙofar gida nan ne wurin da ya faɗi, ba zai taka ba, zai ce to su daina zuwa, ya koma ya fuskanci bango. Ina tsaye bayan labule ina juya maganar a baki, sai na ji ya fashe da dariya, irin tasa ta dā mai girgiza ciki, wani ya faɗi abin da ba daidai ba yana gyara masa. Na koma na zauna bakin gado. Ban yi maganar ba ranar, ban kuma yi ta ba har ya bar duniya. Shi kuwa bai taɓa tambaya ba, maza ba sa ganin inda mace ba ta.

A wannan halin kuka zo Sallah kuka same mu. Kun ga Baba a waje cikin mutane fes da shi, kun ga Inna a ɗaki ba ta ko leƙowa. Ina jin Rabi ta taga tana ce wa yayanku:

"Inna fa ta gaji da Baba. Ka ga ko kusa da shi ba ta zuwa."

Gajiya kam na gaji, 'yata, ba ki yi ƙarya ba. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Shekarun da ya ƙara a duniya a kan dakalin nan ya yi su, har ya koyi riƙe fata da gwiwa yana nuna wa masu koyo inda za su huda. Da ya rasu aka yi zaman makoki, kuka koma, na shiga takaba. Gidan ya yi shiru irin wanda na daɗe ina roƙo. Na samu tsakar gidana, ba mai hana ni zama inda na so. Na fito da safe da kununa na zauna a kan dakalin, na dubi wurin da yake jingina, inda bayansa ya goge dutsen har ya yi sheƙi. Ban iya shanye kunun ba, na koma ciki.

Bayan na fita takaba, wani hantsi na ji sallama a zaure. Malam Lawali ne, ya ƙara tsufa, yana murza hularsa a hannu, sauran suna tsaye a waje kamar yaran boko da aka kora daga lakwal.

"Uwargida, mun zo ne... wato mun gwada ƙofar gida, rana ta yi yawa. Mun gwada wurin Malam Isa, jikokinsa ba sa bari a ji rediyo. In da takura, wallahi ki faɗa, ba komai."

Da takura mana. Na buɗe baki in faɗa, ga dama ta zo har gida, ba mai cewa na yi laifi. Sai na ji kaina ina cewa su shigo. Na ja mayafi na koma ɗaki na saki labule.

To ga abin da nake so ku gane, ku da kuke son in sha iska. Duk shekarun nan ban ga babanku a majalisa da idona ba, jin sa nake yi ta bayan labule. Yanzu ma in hantsi ya yi, ina jin takalma a zaure, ina jin an ɗora buta, Malam Lawali ya yi tarinsa, wani ya kawo zancen da ba shi da kai a hau gardama. Ina zaune bakin gado ina tsince shinkafa, ina jiran muryar da za ta ce musu duk ba haka ba ne. Wani lokaci har in ɗauka ya yi shiru ne yana tara musu. In kun fasa dakalin kun rufe zaure, za ku ba ni tsakar gida mai sheƙi, in fito in zauna in ga ba kowa. Daga cikin ɗaki ba a ganin wurin da ya bari.

Ku bar mini tsofaffina. Sun ragu ma, saura uku.